Da gaske majalisa ta taɓa maka Obama a kotu kan kuɗin asibitin talakawa?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu har mai shayi ya kwashe kayansa ya bar mu. Ni na ce duk duniya babu mai ikon shugaban Amurka, abin da ya ga dama shi yake yi. Sai wani malamin makaranta da muke zama da shi ya ce wai ko kuɗin maganin talakawa da Obama ya biya, 'yan majalisa sun maka shi a kotu, kuma sun yi nasara. Na ce wannan ai shaci-faɗi ne, wa zai kai mutum ƙara don ya biya wa marasa lafiya magani? Ina mutanenmu na can, ina masu karatun shari'a? A raba mu, don ba na son in koma yau in sha kunya.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Baban Hanif, ka ɗebi ruwa ka ajiye kusa, kunyar nan sai ka sha ta.

Barista Na-Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malamin bai yi ƙarya ba, ya dai ɗan ƙara gishiri. Ba sunan Obama aka rubuta a takardar ƙarar ba, ministocinsa biyu ne, Sylvia Burwell ta lafiya da Jack Lew na kuɗi. Majalisar Wakilai ce mai ƙara, lokacin John Boehner na jam'iyyar Republican, masu adawa da Obama, yana kakaki. A ƙarshen Yulin 2014 suka kaɗa ƙuri'a, 225 suka ce a je kotu, 201 suka ƙi, aka shigar da ƙarar a Nuwamba.

Rigimar a kan dokar inshorar lafiya ce da ake kira Obamacare, wadda ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010. Ko ɗan jam'iyyar Republican ɗaya bai ba ta ƙuri'a ba a zagayen ƙarshe, da 219 da 212 ta tsallake Majalisar Wakilai, don haka tun ranar haihuwarta take da maƙiya.

A cikin dokar akwai tallafi iri biyu. Na farko yana rage maka kuɗin da kake biyan kamfanin inshora duk wata. Shi wannan an ɗaura shi a wani asusu na dindindin, ba sai an koma majalisa kowace shekara ba. Na biyu kuwa na masu ƙaramin ƙarfi ne: doka ta tilasta wa kamfanin ya rage musu abin da za su cire daga aljihu ranar da suka je asibiti, sannan ta ce gwamnati za ta mayar wa kamfanin kuɗinsa. To a nan gizo ke saƙa. Doka ta ce a biya, amma ba ta faɗi daga wane asusu ba. A 2013 gwamnatin Obama da kanta ta nemi majalisa ta ware kuɗin a kasafi, majalisa ta yi kunnen uwar shegu. Sai kawai daga Janairun 2014 suka fara biya daga asusun tallafi na farko, suka ce ai duk abu ɗaya ne.

Alƙaliya Rosemary Collyer ta kotun tarayya a Washington ta yanke hukunci ranar 12 ga Mayu 2016 cewa biyan ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Sai dai ta dakatar da aiki da hukuncin har a ɗaukaka ƙara, don haka kuɗin bai tsaya ba a lokacin.

Kawu Mai Ritaya:
Alƙaliyar nan Allah ya shi mata albarka. Shekara talatin da biyu na yi a ofishin kuɗi, kuma abin da aka fara koya mana shi ne ko gwamna ne ya rubuto "a biya", idan babu kan kasafin da za a ɗora bauca a kai, ba ka da ikon sa hannu. Amincewa da abu daban, ware masa kuɗi daban. Ranar da odita ya zo ba zai tambaye ka kyawun niyyarka ba. Kuma Barista, idan har sun nemi majalisa ta ba su kuɗin a 2013, ai sun yi wa kansu shaida ke nan cewa sun san ba su da shi.

Barista Na-Kaduna:
Kawu, ranka ya daɗe, ka taɓo inda ya fi yi musu ciwo, lauyoyin majalisa sun yi ta nanata wannan. Kuma abin da aka koya muku yana cikin kundinsu tun 1787, a babi na ɗaya, sashe na tara: ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai bisa kasafin da doka ta yi.

Maman Iman:
Salamu alaikum. Yanzu na sauko daga aikin dare na tarar da wannan, ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Kawu, ina girmama ka, amma ku a takarda kuke ganin abin. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Amurka tun kafin dokar. Ba zan manta da wani dattijo da aka kawo mana sashen gaggawa ba, mai ciwon suga, birkila ne. Allurar insulin ɗinsa yake rabawa biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Da na zare masa safa, yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi ƙirin, warin ya cika ɗakin, shi kuma sai ba ni haƙuri yake yi kamar laifinsa ne. Kamfanonin inshora sun ƙi karɓarsa saboda yana da ciwon tun da farko, kuma a lokacin doka ta yarje musu. Mu dole mu karɓe shi, don tun 1986 akwai dokar da ta hana asibiti korar wanda ya zo da lalurar gaggawa, amma me ya rage a lokacin? Yatsun aka yanke.

Irin waɗannan mutanen ne tallafi na biyun nan yake yi wa aiki. Inshorar da sai ka biya dubban daloli daga aljihunka kafin ta sa hannu, ga mai ɗaukar albashin mako-mako ai sunanta babu. Su 'yan majalisar da suka ƙi ware kuɗin, ba mantuwa suka yi ba. Sun yi ta kaɗa ƙuri'ar soke dokar, ya haura sau hamsin, sun kasa. Sun rufe gwamnati kwana 16 a Oktoban 2013 a kanta, sun kasa. Sai suka koma shaƙe ta ta hanyar kuɗi. To mutum yana ganin ana shaƙe ɗansa, ku ce ya tsaya neman bauca?

Kawu Mai Ritaya:
'Yata, Allah ya saka miki da alheri kan aikin da kike yi. Ban ce 'yan majalisar suna da imani ba. Cewa na yi hana kuɗi haƙƙinsu ne, ko da muguwar niyya suka yi. Da shi kaɗai suke iya ja wa shugaba linzami. In aka ce duk shugaban da ya ga manufarsa mai kyau ce ya buɗe asusu da kansa, wane shugaba ne ya taɓa ganin manufarsa ba kyau?

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ta kawo zuciya, Kawu ya kawo fayil. Barista raba gardama.

Direban Houston:
Kafin Barista, bari in ba ku abin da ya same ni, don ni a jikina aka gwada.

Ina tuƙa mota da manhaja, ba ni da uban gida da zai saya min inshora, don haka a kasuwar gwamnati ta intanet nake saye. Kala-kala ce, akwai ta tagulla, ta azurfa, ta zinariya. Rangwamen da Barista ya faɗa sai kana kan ta azurfa kake samu, ni ma a kai nake. Oktoban 2017 ina cikin layin ɗaukar fasinja a filin jirgi na ji a rediyo Trump ya ce an daina biyan kamfanoni wancan kuɗin daga yanzu. Ba a yi wata ba wasiƙa ta zo daga kamfanina, farashin shekara mai zuwa ya yi tashin gwauron zabo. Uwargida tana da ciki a lokacin. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba, na ninke takardar na sa a aljihun ƙofar mota, duk jan wuta sai in ciro in sake dubawa ko na karanta ba daidai ba.

Da aka buɗe rajista na je wajen wata mata da ke taimaka wa mutane cike fom a unguwarmu. Ta danna kwamfuta ta ce in kwantar da hankali. Ashe tallafin wata-wata ana lissafa shi ne da farashin ta azurfa. Kamfanoni suka kwashe asarar da Trump ya jawo musu suka jibga a kan ta azurfar kaɗai, farashinta ya hau, tallafin ya bi shi ya hau. Abin da ya fita daga aljihuna bai wani canja ba. Wani abokina da ya koma ta tagulla kusan kyauta ya samu. Waɗanda suka sha wuya su ne masu samun da ya wuce a ba su tallafi, su kam sun biya da jiki.

Baban Hanif:
Tsaya tsaya Malam Direba. Wato ya hana kuɗi don ya kashe dokar, sai gwamnati ta ƙara biya ta wata ƙofar?

Direban Houston:
Ƙwarai kuwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Barista Na-Kaduna:
Kuma an gargaɗe su. Ofishin kasafi na majalisa ya fitar da lissafi tun Agustan 2017 cewa daina biyan zai ƙara giɓin kasafi da dala biliyan 194 cikin shekara goma, alhali abin da ake biyan kamfanonin wajen biliyan 7 ne a shekara.

Hajiya, yanzu ga inda na tsaya, kuma na san ba zai yi miki daɗi ba. A kan wannan kuɗin Kawu ne da gaskiya. Dubi yadda Trump ya kashe shi. Bai je majalisa ba, bai je kotu ba. Ministan shari'arsa Jeff Sessions ya rubuta ra'ayi cewa babu kasafi, washegari aka rufe famfo. Jihohi 18 da birnin Washington suka garzaya kotu a Kalifoniya, alƙali Vince Chhabria, wanda Obama ne ma ya naɗa shi, ya ƙi tilasta wa gwamnati ta ci gaba da biya. Me ya sa abin ya zo da sauƙi haka? Saboda tun farko a kan fassarar ɓangaren zartarwa aka gina shi, kuma fassara tana sauka tare da mai ita. Tallafi na farko da majalisa ta ɗaure da doka, Trump bai iya taɓa shi ba duk da yadda ya tsani dokar. Ya so soke ta, sai ga shi da tsakar dare ranar 28 ga Yulin 2017 John McCain, ɗan jam'iyyarsa, ya shigo zaure ya kifa babban yatsa, aka tashi 51 da 49.

Maman Iman:
Barista, shekara uku da wata tara ana biyan kuɗin nan kafin a rufe. Ka san mutum nawa suka ga likita a wannan tsakanin? Da Obama ya bi shawararku ko na wata ɗaya ba za a biya ba.

Barista Na-Kaduna:
Da bai biya ba, kamfanonin dole dai su yi rangwamen, doka ta ɗaure su. Da dabarar da Malam Direba ya ba da labari ta fito tun 2014.

Maman Iman:
Ko kuma su tattara su bar kasuwar tun tana jaririya. Yanzu da aka ga ƙarshen fim kowa ya zama boka. A 2014 babu wanda ya san haka za ta kaya, shafin rajistar ma da aka buɗe a Oktoban 2013 ko shiga ba a iya yi.

Barista Na-Kaduna:
Wannan kam na sallama, ba ni da tabbacin me zai faru. Amma tsoron abin da zai faru ba ya zama kasafi.

Ɗan Maraɗi:
Ni tambaya gare ni. Na taɓa jin cewa shi Obama yana ɗage ranakun da doka ta sa yadda ya ga dama, kamar mai ɗage biki. Yaya aka ƙare da wannan?

Barista Na-Kaduna:
Yauwa, wannan ma yana cikin ƙarar majalisa, kuma a ganina ya fi na kuɗin muni. Doka ta ce duk kamfanin da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye ya ba su inshora ko ya biya tara, kuma ta rubuta baro-baro cewa zai fara aiki bayan 31 ga Disamba 2013. Sai ranar 2 ga Yulin 2013 wani jami'in ma'aikatar kuɗi ya wallafa a shafin ma'aikatar cewa an ɗage zuwa 2015. A shafin intanet fa, saura kwana biyu a yi hutun ranar 'yanci. A Fabrairun 2014 aka sake ɗage wa masu ma'aikata 50 zuwa 99 har 2016. Hujjarsu ita ce hukumar haraji ta saba ba da sassauci idan sabuwar doka za ta fara, kuma gwamnatocin baya sun yi. Gaskiya ne sun yi, amma ba a kan abu mai girman wannan ba.

Abin dariyar, Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin da zai halatta ɗagewar a wannan watan na Yuli, fadar shugaban ta ce ba ta buƙata, in ma ya iso za a hau kujerar na-ƙi. Wato ana miƙo maka izini kana cewa ai kana da shi.

Haka a Nuwamban 2013, da wasiƙun soke tsofaffin inshora suka fara isa gidajen miliyoyin mutane bayan Obama ya yi ta alkawarin cewa wanda yake son tasa zai ci gaba da riƙe ta, sai ya fito ya ce an yarje wa kamfanoni su ci gaba da sayar da waɗanda doka ta haramta. Kundinsu ya ce aikin shugaba shi ne ya tabbatar ana aiwatar da dokoki da gaskiya. Zaɓar wanda za a fara kamawa cikin masu laifi, wannan hurumin zartarwa ne. Sanar wa duniya tun kafin lokaci cewa sashe kaza ba zai yi aiki ba sai shekara kaza, wannan gyaran doka ne.

Yadda aka ƙare? Ba a ƙare ba. A Satumban 2015 alƙaliya Collyer ta ce majalisa tana da hurumin ƙara kan kuɗi, tunda ikonta aka taka kai tsaye, amma ba ta da shi kan ɗage rana. A tsarinsu sai ka nuna cutar da ta same ka kai da kanka. Kamfanin da aka yafe wa tara kuwa ba zai kai ƙara ba. Har yau babu kotun da ta ce halal ne ko haram.

Ɗan Maraɗi:
Wato idan shugaba zai karya doka, ya karya ta ta hanyar kyauta, babu mai ƙara.

Kawu Mai Ritaya:
Yaron nan ka fara hankali.

Maman Iman:
To ai wuƙar nan ta yanka ta ɗaya ɓangaren ma, Barista ka faɗa musu. Lokacin da Texas ta so rusa dokar baki ɗaya.

Barista Na-Kaduna:
Haka ne Hajiya. Sai na ɗan koma baya. Dokar ta tilasta wa kowa ya mallaki inshora ko ya biya tara, dala 95 ko kashi 1 cikin ɗari na samunsa a 2014, ta kai dala 695 ko kashi 2.5 a 2016. Jihohi 26 suka kai ƙara. A zaman sauraro a Kotun Ƙoli har mai shari'a Scalia yana tambaya ko gwamnati za ta iya tilasta wa mutane sayen burokoli, wani ganye ɗan'uwan kabeji. Ranar 28 ga Yunin 2012 alƙalin alƙalai John Roberts, wanda Bush ya naɗa, ya ce majalisa ba ta da ikon tilasta ciniki, amma tarar nan haraji ce, kuma tana da ikon sa haraji. Biyar da huɗu. CNN da Fox ma sun yi azarɓaɓi sun sanar cewa an soke, don shafukan farko kawai suka karanta.

A Disamban 2017 'yan Republican suka mayar da tarar sifili. Sai Texas da wasu jihohi suka ce harajin da ba ya tara ko kwabo ba haraji ba ne, don haka ginshiƙin ya faɗi, gidan duka ya faɗi. Alƙali Reed O'Connor ya yarda da su a Disamban 2018. Ma'aikatar shari'ar Trump kuma ta ƙi kare dokar, ta koma bayan masu ƙara, sai Kalifoniya da wasu jihohi ne suka tsaya mata. A Yunin 2021 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, bakwai da biyu: umarnin da babu hukunci a bayansa wa ya cuta?

Baban Hanif:
Burokoli kuma. Mu nan ko zogale gwamnati ta ce dole a saya sai an yi zanga-zanga.

Direban Houston:
Akwai abu ɗaya a hukuncin 2012 da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi cin mutanenmu a nan. Kotun ta ce ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba, wato inshorar gwamnati ta talakawa. Texas ta ƙi, Fulorida ta ƙi. Don haka akwai wanda samunsa bai kai a ba shi tallafin kasuwa ba, kuma jiha ba ta ɗauke shi a Medicaid ba. Talaucinsa ya yi yawa da a taimake shi. Akwai wani bawan Allah da muke sallar Juma'a tare, wanke kwanuka yake a gidan abinci, da hawan jini, sai dai mu yi masa karo-karo. Da a jihar su Hajiya yake da tuni yana da kati.

Kawu Mai Ritaya:
Allah ya ba shi lafiya. Ni abin da ya tsaya min, su can har ana samun majalisar da za ta kai ƙara don an kashe kuɗi ba da izininta ba. Sashe na 80 na kundinmu na 1999 ma'anarsa ɗaya da abin da Barista ya karanto. Amma aka ci bashin Babban Banki har naira tiriliyan 22.7, dokar bankin ta ce kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar bara, sannan a Mayun 2023 majalisa ta sa albarka bayan an gama cinyewa. Mu ma fa dokar 2022 ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowa. Baban Hanif kana da ita?

Baban Hanif:
Kawu, yau na fara ji.

Shugaban Zaure:
Kawu a yi haƙuri, in muka shiga ta gida ba za mu fito ba yau. A buɗe mata nata zaren. A ci gaba.

Maman Iman:
Barista ka yi ta lissafo inda Obama ya yi kuskure. Shari'ar 2015 fa? Ba cewa suka yi hukumar haraji ta wuce gona da iri ba, kotu ta kunyata su?

Barista Na-Kaduna:
A wannan ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Shari'ar King da Burwell. Wani sashe ya ce tallafi na wanda ya saya ne a kasuwar da jiha ta kafa, kalmomi huɗu kacal a Turance cikin doka mai shafi kusan 900. Jihohi 34 ba su kafa tasu ba, ta tarayya suke amfani da ita, har da ta su Malam Direba. Hukumar haraji ta ce tallafin na kowa ne. Masu ƙara suka ce a'a, a bi harafi. Da sun ci, mutum sama da miliyan 6 za su rasa tallafi. Ranar 25 ga Yunin 2015 Kotun Ƙoli ta ce a karanta dokar gaba ɗayanta, majalisa ba ta yi ta don ta rusa kasuwar inshora ba. Shida da uku. Scalia ya fusata har ya ce gara a canja wa dokar suna a sa mata na Kotun Ƙoli, tunda ita ke ta ceto ta.

Bambancinsa da sauran biyun a wurina: a nan doka ce take karo da kanta, dole wani ya fassara. A can babu wani duhu, rana a rubuce take, kasafi kuma babu shi.

Amma ku lura da wani abu da masu murna ba su kula da shi ba ranar. Tun 1984 al'adar kotunansu ita ce idan doka tana da harshen damo, a bi fassarar hukumar gwamnati muddin ba ta fita hankali ba. Roberts ya ƙi bin wannan hanyar. Ya ce batu mai nauyin biliyoyin daloli irin wannan ba a bar wa hukumar haraji shi ba, kotu ce za ta faɗi ma'anarsa. Ya ba Obama nasara, ya zare wani abu daga hannun duk shugaban da zai zo. Da irin wannan tunanin aka soke yafe bashin ɗalibai na Biden a 2023, wajen dala biliyan 400, sannan a Yunin 2024 aka binne al'adar 1984 ɗin gaba ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Kai, wannan Roberts ɗin ɗan dara ne. Ya ba ka ɗa ɗaya ya cinye uku.

Maman Iman:
Amma da a ce ya bi fassarar hukuma, ai Trump yana zuwa zai sa hukumar ta juya fassarar, tallafin su Malam Direba ya tafi.

Barista Na-Kaduna:
Hajiya, kin faɗi hujjata da bakinki.

Maman Iman:
Ban faɗa ba. Na yarda abin da kotu ko majalisa ta ɗaure ya fi ƙarko, wannan ko yaro ya sani. Inda muka rabu shi ne me za ka yi a ranar da majalisar ta rantse ba za ta ɗaure komai ba, ga mara lafiya a gabanka. Kai kana da lokacin jira, mai rabon allura biyu ba shi da shi. Kuma kamfanonin ai sun bi kuɗinsu a kotu daga baya, ko ba haka ba?

Barista Na-Kaduna:
Sun bi. A Agustan 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwamnati ta ci bashinsu, sai dai a cire abin da suka riga suka maido ta hanyar ƙarin farashi. A Afrilun wannan shekarar ma Kotun Ƙoli, takwas da ɗaya, ta ce a biya kamfanoni wajen dala biliyan 12 na wani alkawari daban da dokar ta yi musu, majalisa ta toshe kuɗin. Wato bashi yana nan a wuyan gwamnati, amma hanyar karɓarsa kotu ce, akwai asusun biyan hukunce-hukunce da aka tanada don haka. Minista ba zai ɗebo daga inda ya ga dama ba.

Kawu Mai Ritaya:
Kan kasafi ke nan. Na faɗa muku.

Maman Iman:
Shekara shida kafin a biya, Kawu. Ni dai barci zan yi, ƙarfe bakwai zan koma. Malam Direba, ka turo min ta gefe ko akwai asibitin unguwa mai rangwame kusa da mutumin nan naku, irin waɗanda ake biya gwargwadon samu. Akwai su a Houston, ba sa neman kati. Kada ya zauna da hawan jini yana jiran karo-karo.

Direban Houston:
In sha Allah Hajiya, Juma'a zan same shi. Na gode. Ga fasinja ya fito, sai anjima.

Baban Hanif:
To jama'a na dawo daga majalisa. Na ce wa malamin yana da gaskiya amma ba Obama aka kai ba, ministocinsa ne, kuma ba a daina biya ba sai da Trump ya zo. Ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce Barista ya ce ba ɗaya ba ne. Sai mai shayi ya sa baki ya ce shi abin da bai gane ba, ta yaya mutum zai yi talaucin da ya wuce a taimake shi. Na karanta masa abin da Malam Direba ya rubuta har sau biyu, ya ce ƙarya ne, ba a Amurka ba. Malam Direba in ka sauke fasinja ka yi mana murya, don ya ce sai ya ji da kunnensa.